Tukwane Shida da Aka Dawo wa Yaya Mairo da Su

Yayata Mairo maginiyar tukwane ce a Durba, ta ƙasar Kibiya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita, ta ba ni shekara huɗu. Mutanen gari Inna Mairo suke ce mata, ni kuwa Yaya nake cewa har yau da furfura ta rufe mu duka biyun. Ni nake kai mata kaya kasuwar Kibiya a amalanke tun ina iya ɗaga randa ni kaɗai, don haka abin da zan faɗa a kanta gani na yi, ba ji ba.

A wurin kakarmu ta koyi gini. Mahaifiyarmu ba ta yi ba, ta ce yumɓu yana fasa mata hannu, sai sana'ar ta tsallake ta ta faɗa kan Yaya. Tana 'yar shekara bakwai ake gutsura mata yumɓu ta yi kaskon wasa. Tana da goma sha biyu ta gina tulun da aka kai kasuwa aka sayar, mai saye bai san hannun yarinya ba ne. Da ta yi aure ba ta yi nisa ba, unguwa ɗaya ce tsakani. Mijinta Malam Haliru, Allah ya ji ƙansa, manomi ne mai sanyin hali. Shi ya kewaye mata fili a bayan gida ya ce nan ne wurin gashin tukwanenta, kada wanda ya ɗaure akuya a ciki. 'Ya'ya bakwai ta haifa, biyar suka rayu, kuma bayan rasuwarsa da tukwanen nan ta ƙarasa renon ƙananan.

Yaya tana da wata al'ada da ta sha jawo mata faɗa da masu gaggawa. Ba ta gina wa mutum abu sai ta tambaye shi: "Me za a zuba?" In ka ce tukunya kake so, ba ka faɗi komai ba a wurinta. Ta miya daban, ta tuwo daban, ta dahuwar magani daban, randar ruwa kuma ba ta haɗa hanya da ko ɗaya. Har haɗin ƙasar ba ɗaya ba ne. In an gama gashi kuma sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnenta a kusa. Wadda ta yi mata amon da ba ta so, a nan za ta fasa ta, ko da kuwa ido bai ga tsaga ba. Na sha cewa, "Yaya, ki bar mini wannan mana in zuba wa kaji ruwa." Sai ta ce, "Kajin ma ai za su san tawa ce."

Shi ya sa shekara hamsin da 'yan kai tana gini ba a taɓa dawo mata da tukunya ba. Ba mai yawan magana ba ce a kan kanta, amma wannan kam takan faɗa. Da roba ta cika kasuwa, aka koma sayen bokiti da kula, ciniki ya ja baya, ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta rage gashi daga sau biyu a wata zuwa sau ɗaya, ta ci gaba da abinta.

Gwiwa ce ta fi ƙarfinta. Yumɓu da ƙafa ake taka shi kafin ya haɗu, ita kuwa in ta taka na rabin sa'a sai ta kwana biyu tana dafa bango. Babban ɗanta Abubakar Sadiq, da ke aiki a Kano, kullum ya zo sai ya yi mata maganar ta huta. A farkon bazarar bara ta ce masa a gabana, "Na ji. Wannan ce ta ƙarshe. Ranar da ruwan fari ya sauka na wanke hannu." Da ya fita ta ce da ni, "Shitu, abu ɗaya nake roƙon Allah. Yadda na karɓi sunan nan a hannun kaka babu tabo, in ajiye shi haka."

Bayan wannan magana da kamar mako guda 'yan makarantar suka zo.

Ranar Asabar ce da hantsi, ina gyara ƙafar amalanke a ƙofar gidanta. Su biyar ne, mata uku maza biyu, daga wata sakandare a Kibiya, tare da malaminsu na kimiyya, Malam Muhyiddeen. Na ɗauka malamin ne zai yi magana. Sai ya gaisa, ya nemi gindin darbejiya ya zauna abinsa. Wata yarinya siririya ce ta matso ta durƙusa. Sunanta Afra'u, 'yar wani mai lambun tumatir ce, kuma ita ce shugabar ƙungiyarsu ta kimiyya. Daga baya na ji cewa ƙuri'a suka kaɗa a tsakaninsu suka zaɓe ta, ta kayar da wani yaro Mukhtar, aka ba shi mataimaki. Yana cikin waɗanda suka zo, dogo ne mai saurin baki.

Afra'u ta fito da takarda da igiyar awo irin ta tela. Ta ce tukwane shida suke so, manya uku ƙanana uku, kowace ƙarama ta shiga cikin babba a sami ratar yatsa uku a tsakani.

"Aikin kimiyya ne, Inna," in ji ta. "Akwai nunin makarantu a Rano, can za mu kai. Manya za su zo su gani."

Yaya ta dubi takardar, ta dubi igiyar awon, ta dubi fararen hijabansu. Ni ina jiran tambayar da na saba ji. Ba ta yi ta ba. Sai ta ce, "To, Allah ya ba mu iko. Ku dawo bayan mako biyu."

Da suka tafi na ce, "Yaya, ba ki tambaye su abin da za a zuba ba."

Ta ce, "Kai ma da wani zance. Kimiyya za a zuba. Ka san ta ne? In na tambaya da Turanci za su amsa mini, in zauna ina kallonsu kamar tunkiya a gaban jikokina."

Ni ma ban san ta ba.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne manya za su gani, kuma a Rano. Ban taɓa ganin ta yi wa tukunya hidima irin ta waɗannan ba. Sau biyu ta tankaɗe ƙasar. Da suka sha iska ta zauna da ɗan dutsen gugarta mai santsi tana goge su ciki da waje, yini guda tukunya ɗaya. Ranar gashi, suna fitowa daga wuta da zafinsu ta yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke toshe jikin tukunya ya mai da ita baƙa. Suka fito baƙaƙe wuluk suna sheƙi, irin waɗanda ake jera wa 'yar gata a ɗakin aure. Mata suka riƙa shigowa kallo.

Da yaran suka zo ɗauka, na ga Afra'u ta ɗan tsaya, ta shafa jikin babbar. Daga baya ta gaya mini cewa tun a lokacin ta ga da matsala, don a hoton da suka gani tukwanen ja ne, masu kaushi. Amma ta yaya za ta dubi tsohuwar da ta yi mako biyu tana guga ta ce mata ba haka ba? Sai ta ce, "Masha Allah, Inna, sun yi kyau." Suka ɗauka suka tafi.

Kwana goma bayan nan, da la'asar sakaliya, lokacin da mata suka cika bakin famfo, sai ga adaidaita sahu ta shigo unguwar ta tsaya a ƙofar Yaya. Aka fara sauke tukwane. Ɗaya, biyu, har shida.

Jumai, taubashiyarmu, wadda ba ta taɓa barin Yaya ta sha ruwa lafiya ba, tana tsaye da bokiti a ka. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Mairo! Fito ki ga amarenki sun yo yaji! Har shida rana ɗaya, wane irin gida kika kai su?"

Aka fashe da dariya. Wasa ne na taubasai, ba da mugunta ta yi ba. Amma na ga fuskar Yaya da ta fito. Ba ta amsa wa Jumai ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Muka shiga ciki da yaran. Ta bi tukwanen tana ƙwanƙwasawa. Kowace ta amsa mata da amo mai kyau. Ta ɗago kai.

"Ina aibinsu?"

Mukhtar ya riga kowa: "Ba sa aiki, Inna. Kwana bakwai muna aunawa, babu abin da suka yi. Ni dama na ce a je Rano a sayo…"

"Mukhtar," in ji Afra'u, "ba a ba ka magana ba tukuna."

Ya ja da baya yana hura hanci. Ita kuma ta buɗe littafi ta fara karanto lambobin awon zafi. Waje talatin da tara, ciki talatin da bakwai. Washegari waje arba'in, ciki talatin da takwas.

Yaya ta ɗaga mata hannu. "'Yar nan, rufe littafin. Faɗa mini da Hausa. Me za a zuba?"

Afra'u ta rufe. Ta ce tumatir za a zuba, da alayyahu da attaruhu. Ta ce mahaifinta da sauran masu lambu, in kaya suka kwana biyu a zafin nan ba a saya ba, sai zubarwa. Ta ce ana sa ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan zai riƙa ratsowa ta jikin babbar yana fita, iska na ɗauke shi, yana tafiya da zafin. Sai ciki ya yi sanyi, ba wuta ba firji.

Yaya ta miƙe da ƙyar, ta kama hannun yarinyar ta ja ta zuwa lungun da randarta ta sha take. Ta ɗora tafin Afra'u a jikin randar.

"Me kika ji?"

"Laima, Inna. Da sanyi."

Ta dawo da ita ta ɗora hannun a jikin baƙar tukunya.

"Nan fa?"

"A bushe."

"To, randa kuka zo nema. Randa dole ta yi zufa, shi ya sa ake haɗa ƙasarta da ƙaiƙayi, in ya ƙone a wuta ya bar mata ƙananan ƙofofi. Ni kuwa na zauna kwana da kwanaki ina toshe ƙofofin nan da hannuna. Na goge, na bi da makuba. Wannan ko shekara ruwa ya yi a ciki ba zai leƙo waje ba." Ta koma ta zauna a tabarma. "Wannan ce kimiyyar? Wannan da kakata take yi?"

Malam Muhyiddeen da ke tsaye a bakin zaure ya sunkuyar da kai, na ga yana murmushi.

An gane inda kuskuren yake, amma magana ta riga ta fita. Ranar kasuwa da na kai 'yan kaya Kibiya, wani mai sayar da albasa ya tare ni ya ce, "Baba Shitu, ashe 'yan makaranta sun yi wa tukwanen Inna Mairo jarrabawa sun faɗi?" Wata mata ta ɗauki tulu, maƙwabciyarta ta raɗa mata wani abu, ta ajiye. Ban gaya wa Yaya ba. Ba ta kuma tambaye ni ba, ta dai ƙirga tulunan da suka dawo da ido.

Tun a ranar da aka dawo da tukwanen yaran suka yi zamansu a gindin darbejiya, ina ji. Saura kwana goma sha tara nunin. Mukhtar da wata yarinya suka ce a je Rano a sayi randunan da aka riga aka gasa, ko ba su yi daidai da awo ba. Biyu suka ce a sake gini. Aka juya ga malami.

"Malam, ka ce wani abu mana."

Ya ce, "Ni rakiya na zo. Ku kuka zaɓi shugaba."

Afra'u ba ta yanke ba sai da ta dawo ta durƙusa gaban Yaya. "Inna, kwana goma sha tara zai isa?"

"In an fara gobe. Amma ni ba ni da ƙafar taka yumɓu kuma. Waɗancan shidan ne suka ƙarasa gwiwar."

"Muna da ƙafa goma, Inna."

Haka aka yi. Kullum in an tashi daga makaranta sai su zo, da izinin iyayensu. Afra'u ta raba aiki: maza su haƙo ƙasa a bakin rafi, ni in ɗauko a amalanke, mata su daka su tankaɗe, kowa kuma ya taka. Ita kanta ta fi kowa daɗewa a cikin yumɓun. Mukhtar ya shiga yana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron ƙaya. Yaya na zaune a kujerar tsugunno da sanda a hannu.

"Angona, haka za ka noma mini gonar? Da dunduniya ake takawa! Ko tuwon gidanku ba ya kai wa ƙafa?"

"Inna, ni fa na fasa auren nan. Wahalarki ta yi yawa."

"Ka makara, an riga an shafa fatiha. Taka!"

Kafin kwana uku ya zama shi ne gwanin taku, har yana gyara wa wasu.

Wurin zuba ƙaiƙayi aka ɗan ja. Afra'u ta tambaya nawa ake sawa, Yaya ta ce, "Yadda ya isa." Ta ce, "Inna, yadda ya isa ba zai rubutu ba." Sai suka yi dabara. Yaya ta riƙa ɗibar ƙaiƙayin da hannu yadda ta saba, su kuma suna tarewa da gwangwanin madara kafin ya faɗa cikin ƙasa. Ya kama gwangwani huɗu a kowane kwando. Afra'u ta ce to a yi haɗi uku: ɗaya gwangwani biyu, ɗaya huɗu yadda Inna ta saba, ɗaya shida, a ga wanda zai fi. Yaya ta ce ita ba ta taɓa gina abu don a ga ko zai lalace ba. Amma ta gina. A zaune ta yi, yaran na juya mata tukunyar.

Suka bushe a inuwa kwana shida. Aka gasa da kara da busasshen kashin shanu. Ba guga, ba makuba. Suka fito jajaye, masu kaushi, ba wanda ya shigo kallo.

A rumfar Yaya aka jera su, don a nan iska ke ratsawa. Aka cika yashi, aka jiƙa, aka zuba tumatir daga lambun mahaifin Afra'u, aka bar wasu a kwando a gefe don a kwatanta. Kowace tukunya da ma'aunin zafinta a ciki, wani siririn gilashi mai jan layi. Washegari Asabar, da sassafe Yaya ta bi su da bayan hannu ta ce mai gwangwani shida ta fi sanyi, a rubuta. Aka duba gilashi, haka ne. Ta dube ni ta ɗaga gira.

Amma yaran suka ci gaba da dubawa duk bayan sa'a biyu. Da azahar mai shidan ta zubar da ruwanta da wuri, yashinta ya bushe, kafin la'asar ta ɗumame. Mai huɗu ce ta riƙe sanyinta yini guda, waje na arba'in tana ashirin da shida. Kwana uku ana samun haka. Afra'u ta rasa yadda za ta gaya mata. Yaya da kanta ta ce, "Faɗi mana. Na zaɓi wadda ba ita ba. Ni da safe na taɓa na tafi harkata, shi kuwa ɗan gilashin nan yini ya yi a ciki, dole ya fi ni labari."

Mukhtar ya ce, "Inna, ai wadda ta ci ɗin ma haɗinki ce."

"Haɗin kakata ne. Ni ɗorawa na yi."

Saura kwana huɗu a tafi Afra'u ta zo da wata magana. Ta daɗe tana murza bakin hijabi kafin ta fito da ita. So take a tafi da baƙaƙen ma, babba da ƙarama, a ajiye su kusa da jajayen.

Yaya ta ce, "A'a."

"Inna, in ba a ga wadda ba ta yi ba, ba za a gane dalilin da ya sa wannan ta yi ba. Ita ce rabin aikin."

"Ya ishe ni abin da aka yi a bakin famfo. Yanzu kuma Rano za ki kai abin kunyata ki ɗora a kan tebur, ki rubuta sunana a ƙasa?"

Afra'u ta ce ba za ta ɗauka ba sai da yardarta, kuma sun yi magana a ƙungiya, kowa ya amince da haka ko da zai rage musu maki. Ta ƙara da cewa, a hankali, "Amma Inna, a kasuwa rabin labarin kawai suka ji." Ta yi sallama ta tafi.

Kwana biyu Yaya ba ta tayar da zancen ba. Ni ma ban tayar ba. A na uku da safe na shiga gaishe ta na tarar ta fito da baƙaƙen tana share musu ƙura.

"Shitu, ka nemo mana mota. Da ni za a je. In za a faɗi kuskurena a Rano, bakina ne zai faɗa."

A filin wata makaranta aka yi nunin, an kafa rumfuna, kowace makaranta da teburinta. Na ga abubuwa. Wasu yara sun haɗa injin ban ruwa da ke aiki da hasken rana, wasu sun yi sabulu, wasu fanka da batir. Namu teburin tukwane ne da tumatir, mutane na wucewa suna ɗan leƙawa. Iyaye da yawa sun zo daga Kibiya, har da mahaifin Afra'u da abokan lambunsa. Yaya na zaune a kujera a gefe da sabon mayafinta.

Alƙalai uku ne, babbarsu wata Hajiya mai tabarau. Afra'u ta yi bayani, rabi Turanci rabi Hausa, ba ta yi tuntuɓe ba. Mukhtar ya buɗe jar tukunya ya fito da tumatir na kwana tara, da ƙarfinsa. Ya nuna na kwando, wanda tun a kwana na huɗu ya zama ruwa. Hajiyar ta sa hannu cikin tukunyar ta ce, "Ikon Allah." Sannan ta nuna baƙar da biro.

"Wannan kyakkyawar fa? Ita ce lalatacciyar?"

Afra'u ta waiwaya. Yaya ta riga ta dafa sanda ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni na gina ta, ni zan amsa. Ba lalatacciya ba ce. Tun da safe na sa yaran nan suka cika ta da ruwa suka yi alama da alli. Duba ki gani."

Hajiyar ta leƙa. Ruwan na nan daidai kan alamar.

"Taɓa bayanta."

Ta taɓa. A bushe.

"Wannan na ce mata ta riƙe, ta riƙe. Waccan na ce mata ta saki, ta saki. Babu wadda ta saɓa mini. Laifin nawa ne. Shekara hamsin ina tambayar mutane abin da za su zuba, ranar da 'yan boko suka zo da takarda sai na ji kunya na yi shiru, don kada a ga ban sani ba. Ita ma wannan," ta nuna Afra'u, "ta ga abin ba daidai ba ta yi shiru, don kada ta kunyata tsohuwa. Kunyata da kunyarta suka ci mana wata guda."

Afra'u ta ce, "Haka ne, Hajiya. Mun rubuta shi a rahotonmu, shafi na uku."

Aka yi dariya, amma ba irin ta bakin famfo ba. Hajiyar ta jawo kujera ta zauna, ta ce Inna ta gaya mata yadda ake buɗe wa tukunya ƙofa da yadda ake rufewa. Yaya ta fara. Matar da ko a gidan biki ba a jin muryarta, sai ga ta tana bayanin ƙasar rafi da ta tudu, da ƙaiƙayin gero da na dawa, da irin wutar da randa ke so. Inda ta ce "yadda ya isa" sai Mukhtar ya ɗaga gwangwanin madara ya ce, "Huɗu." Mutane suka baro sauran rumfuna suka kewaye mu. Masu lambun Kibiya suna gaba-gaba, har da mai albasan nan, yana ta gyaɗa kai kamar ba shi ba. Ni ina baya riƙe da takalmanta, don ta cire su da ta ji tsayuwar za ta yi tsawo.

Na biyu yaranmu suka zo. Masu injin ban ruwa ne suka yi na ɗaya, kuma sun cancanta. Mukhtar ya cika ya yi fam, Yaya ta ce masa, "Angona, saki fuska. Ni da na zo da kayan da aka dawo mini da su ma ban yi kuka ba."

Muna cikin mota muna komawa, har mun wuce rabin hanya. Sai Yaya ta ce, "Shitu, na yi surutu da yawa ko?"

"Kin yi."

"Sun ji?"

"Har na bayan katanga."

"To. Ka kira Abubakar Sadiq ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, na ajiye."

Ruwan fari ya sauka bayan kwana goma sha biyu, ba ta kuma sake gini ba. Amma da rani ya zagayo masu lambu suka fara sallama a ƙofarta suna neman irin tukunyar nan. Ta ce su je makaranta. Yanzu yaran ne ke ginawa ranar Asabar a filin bayan gidanta, sun kai goma sha biyar. Afra'u ta gama ta miƙa shugabanci ga wadda suka zaɓa bayanta. Hannunsu bai faɗa ba tukuna, wata tukunyar takan fito da baki a karkace.

A kasuwar Kibiya kuwa masu kayan gwari sun raɗa wa tukunyar suna. 'Yar Mairo suke ce mata, ko wa ya gina. Ranar da na kawo mata wannan labari na ɗauka za ta ji daɗi. Sai ta ɓata rai ta ce, "Ka ga irinta ko? Yanzu ko karkatacciya ce ni za a kira." Ta sa aka fitar mata da kujerarta bayan gida. Duk Asabar tana can tun hantsi da sanda a hannu, ba ta taɓa yumɓu, amma babu wadda ke shiga wuta sai ta ce ta shiga.